Bindigar gasa da bindigar toka: Abin da mai sha'awar harbi zai tarar a Kongolam

A ƙarshen watan Yulin 2024, hoton wani magidanci ɗan ƙasar Turkiyya ya cika wayoyin mutane. Furfura ta mamaye kansa, yana sanye da farar riga mai gajeren hannu, hannunsa na hagu a cikin aljihu, na dama kuma ya miƙe shi da ƙaramar bindiga kamar mai nuna wa baƙo hanya.

Sunansa Yusuf Dikec, yana da shekara 51 a lokacin. Ranar 30 ga watan ne shi da abokiyar wasansa Sevval Ilayda Tarhan suka ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Paris, a harbi da ƙaramar bindigar iska daga nisan mita 10. 'Yan ƙasar Sabiya ne suka doke su a wasan ƙarshe da ci 16 da 14, amma duniya ta manta da masu zinare ta riƙe mai hannu a aljihu.

Hoto irin wannan ba ya neman biza. Ya isa har Kongolam, ko Kwangwalam a bakin mutanen yankin, garin da ke ƙaramar hukumar Mai'adua a masarautar Daura, inda titin da ya taso daga Kano ta Kazaure da Daura yake ƙarewa a shingen kwastam kafin a tsallaka Jamhuriyar Nijar a nufi Matamaye da Damagaram.

A gari irin wannan, inda jami'an kwastam da na shige da fice da sojoji ke rataye da bindiga dare da rana, jin cewa harbi wasa ne da ake ba mutum lambar yabo a kansa abu ne mai ɗaure kai. Kalmar 'yan bindiga kanta ta sauya ma'ana a cikin shekara goma sha. A da idan aka faɗe ta a Daura, hankali na tafiya ne ga mutanen sarki masu ɓarin albarushi ranar hawan Sallah. Yau idan ta fito a kanun labarai, kowa ya san an sace mutane ne ko an ƙona ƙauye.

To idan wani matashi a Kongolam ya ce yana son koyon abin da Dikec ke yi, me zai tarar a gabansa?

Bindigar da ba ta da albarushi

Bindigar da ke hannun Dikec ba ta aiki da albarushi. Akwai wata 'yar tukunyar ƙarfe a ƙarƙashin bakinta da ake cika wa matsattsiyar iska, kuma iskar ce ke tura ɗan ƙwayar dalma mai kaurin milimita 4.5, wanda nauyinsa bai wuce rabin giram ba. Ƙararta ba ta kai ta fashewar tayar keke ba.

Hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, wadda aka kafa a 1907 kuma hedikwatarta ke birnin Munich na Jamus, ta ƙayyade komai. Nauyin bindigar kada ya wuce giram 1,500. Kunamarta dole ta iya ɗaukar nauyin giram 500 ba tare da ta tashi ba, kuma alƙalai na rataya mata ma'auni su gwada. Dole kuma ta shige cikin wani akwatin awo mai tsawon milimita 420, faɗi 200, kauri 50. Ba a yarda a ɗora mata madubin hangen nesa ba.

Mai harbi yana tsaye ne, ya riƙe ta da hannu ɗaya, ba jingina ba tokari. Shi ya sa ɗaya hannun ke shiga aljihu ko ya kama bel: an ajiye shi ne don kada ya motsa jiki. Abin da mutane suka ɗauka isa ce ko gadara a wurin Dikec, al'ada ce da kusan duk masu wannan wasa ke yi.

Da'irar tsakiya da ke ba da maki 10 faɗinta milimita 11.5 ne, kamar maɓallin riga. Ana harbi 60 cikin minti 75, kuma gwanaye na samun sama da maki 580 daga cikin 600. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce ai mita 10 taku goma sha ne kawai. Sai dai bugun zuciya kaɗai ya isa ya kautar da bakin bindigar daga maɓallin, don haka rabin horon yana tafiya ne a kan numfashi, tsayuwa, da yadda yatsa zai matsa kunama a hankali har harbin ya fita ba tare da hannu ya zabura ba.

Akwai kuma gasar mita 25, wadda ake yi da ƙaramar bindiga ta gaske mai harsashi samfurin .22. Wannan ita ce doka ta fi tsananta wa a kusan kowace ƙasa.

Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera bindigogin gasa kaɗan ne, irin su Steyr a Ostiriya, Morini a Suwizalan, Pardini a Italiya, sai Walther da Feinwerkbau a Jamus. Sabuwa daga wurinsu takan haura dala 1,000 nesa ba kusa ba. A Afirka kuwa, a Alƙahira ta Masar aka yi gasar duniya ta ISSF a watan Oktoban 2022.

Inda doka ta tsaya

Ko da matashin na Kongolam yana da kuɗin, kuɗi ba shi ne shinge na farko ba.

Dokar Bindigogi ta Najeriya, wadda aka yi tun 1959 kuma har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashin farko shi ne haramtattu: manyan bindigogin yaƙi, masu jigida, gurneti, bindigogin soja, da duk wata ƙaramar bindiga ta hannu, fistol ce ko libarba. Waɗannan sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ke nan bindigar gasar mita 25 tana aji ɗaya da makaman yaƙi a idon doka, kuma wanda aka kama da ita babu lasisi yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Kashi na biyu shi ne bindigogin amfanin kai, kamar ta harbin tsuntsaye mai baki ɗaya ko biyu, bindigar farauta, da bindigogin iska manya da ƙanana. Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Kashi na uku kuma su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka da danginta, inda Kwamishinan 'yan sanda na jiha, da amincewar gwamna, ke da ikon wajabta lasisi.

A nan ne abin ya zama mai ban mamaki. Dokar 1959 ta amince mutum ya nemi lasisin ƙaramar bindigar iska. Amma a jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta shigo da su ƙasar kwata-kwata, ƙaramar bindigar iska ce a layin farko. Wato wanda ya sayo irin ta Dikec a ƙasar waje ya iso da ita shingen Kongolam, ko filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, haramtaccen kaya ya ɗauko, kuma bayanin cewa ta wasa ce ba zai cece shi ba.

Dokar ta kuma lissafa waɗanda ba za a ba lasisi ba ko da wace iri ce: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai raunin gani, mashayi ko marar kamun kai, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata.

Bayan haka, a 2023 rundunar 'yan sanda a ƙarƙashin Kayode Egbetokun ta sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai, saboda yawan bindigogin da ke hannun jama'a. Wannan ya zo ne bayan shekarun da shugabanni suka riƙa aika saƙonni masu karo da juna. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 takwaransa na Zamfara, Bello Matawalle, ya yi irin wannan kira. A watan Maris na 2021 kuwa, fadar Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta ce an ba jami'an tsaro umarnin harbe duk wanda aka gani da AK-47 ba bisa ƙa'ida ba. Talaka ya ji duka, kuma babu wanda ya canza ko harafi ɗaya a dokar 1959 a lokacin.

Shi ya sa a Najeriya wasan harbi ya fi zama a hannun masu kaki. Akwai hukumar wasan ta ƙasa, amma filayen harbi galibi suna cikin barikokin soja da na 'yan sanda ne. Shi kansa Dikec daga rundunar jandarmomin Turkiyya ya fito. Hanyar da ta fi dacewa ga farar hula ita ce ta hukumar wasanni ta jiha ko ƙungiyar da gwamnati ta san da ita, inda makamin ke zama a ma'ajin hukuma, a karɓa da sa hannu a mayar da sa hannu.

Ƙura, zafi da tukunyar mai walda

Kula da bindigar gasa ya fi kama da kula da agogo fiye da kula da makami. Ana goge jikinta da tsumma mai laushi bayan kowane atisaye, saboda gumin hannu na jawo tsatsa. Ana tsabtace cikin bakinta jefi-jefi da abin da kamfanin ya tanada, ba da waya ko ƙusa ba, domin ƙarzuwa kaɗan a ƙarshen baki ta isa ta lalata saiti. Ba a taɓa sukurorin kunama sai wanda ya san aikin.

Yanayin ƙasar Daura yana da nasa sharaɗin. Ƙurar hunturu na shiga ko'ina, kuma idan ta haɗu da mai sai ta zama kamar yashin gugar ƙarfe. Don haka yawan shafa mai illa ne. A watannin Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, barin tukunyar iskar a cikin mota a rufe ganganci ne. Ana cika ta ne da matsin da ya kai ba 200, wato kusan ninki 90 na iskar tayar ƙaramar mota, kuma zafi na ƙara matsin. Ƙa'idar ISSF ta ce tukunyar da ta wuce shekara 10 da ƙerawa ba ta shiga gasa, ko da kuwa tana ƙyalli kamar sabuwa.

Akwai kuskure ɗaya da ya fi kowane haɗari, kuma a ƙasar da ake da dabarar gyara komai a bakin titi ya kamata a faɗe shi ƙarara. Ba a cika wannan tukunya da iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti. Oksijin mai matsi idan ta haɗu da ɗigon mai tana kamawa da wuta nan take, tukunyar ta tarwatse a hannun mai ita. Busasshiyar iska ta yau da kullum kaɗai ake amfani da ita, daga famfo na musamman ko tukunyar masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa.

Sai batun dalma. Mai harbi na taɓa ƙwayoyin da yatsunsa sau ɗaruruwa a mako, don haka ba ya ci ko sha a filin, kuma yana wanke hannu da sabulu kafin ya tashi. Mutanen Arewa ba sa bukatar dogon bayani kan gubar dalma tun bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka mutu sanadin ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da ita.

Bindigar da ke ƙarƙashin gado

Gaskiyar magana ita ce, da wuya a samu bindigar gasa ko guda a Kongolam da kewaye. Wadda ake da ita a gidaje ita ce bindigar toka, mai laƙabin harba-ka-ruga, a hannun mafarauta, 'yan sintiri, masu gadin gona, da masu fita hawan Sallah da na Gani a Daura.

Tarihinta a wannan yanki ya daɗe. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dakarun tsaro masu bindiga. A ƙarni na 19 kuma, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa har ya sa maƙera suna zuba masa igwa a cikin birnin Zinder. A wancan zamani gidan sarautar Haɓe na Daura yana zaune a Zango ƙarƙashin inuwar Damagaram, kamar yadda masanin nan M. G. Smith ya bayyana a littafinsa kan Daura na 1978. Hanyar da motocin kaya ke bi yau ta Kongolam tana cikin ƙasar da waɗannan rundunoni suka yi ta kai-komo a cikinta.

Turawa ma sun taimaka wajen dawwamar da ita. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, amma ta bar ƙofa ga tsofaffin da ake ɗurawa ta baki. Da haka bindigar toka ta zama ta talaka, maƙera suka gwanance a kanta.

A nan ne ƙa'idojin filin gasa suke da amfani ga wanda ba zai taɓa zuwa Olamfik ba.

A filin ISSF, da zarar mai harbi ya ajiye bindiga sai ya buɗe ta ya zura wata igiyar roba mai launi mai haske ta cikin bakin, ta leƙo ta ɗaya gefen, don kowa ya gani daga nesa cewa babu komai a ciki. Ba ya ɗurawa sai alƙali ya ba da umarni. Idan aka ce a tsaya, kowa ya tsaya, ko da yatsansa na kan kunama. Bakin bindiga ba ya juyowa wajen mutane ko da wasa, kuma wanda ya karya wannan ana iya korarsa daga gasar nan take, komai sunansa. Wannan duka a kan bindigar da ke harba rabin giram na dalma ne.

Bindigar toka kuwa babu yadda za a yi a kalle ta a san ko a ɗure take. Ga ta kuma ana yawan ajiye ta a ɗure, a jingine a lungun ɗaki ko a ƙarƙashin gado, da hujjar cewa ɓarawo ba ya jiran a ɗura. Yaro ya ɗauka yana kwaikwayon fim, ko babba ya jawo ta ta baki daga bayan ƙofa, shi ke nan. Masu ilimin makamai na cewa a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, a nisanta yatsa daga kunama, a kuma san abin da ke bayan abin da ake auna. Musulmi ma ya san wannan tun kafin a ƙera bindiga, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, da umarnin riƙe tsinin kibiya idan za a ratsa kasuwa ko masallaci.

Haɗarinta na biyu yana komawa ne kan mai ita. Yawancin waɗanda ake ƙerawa a ƙauye ana yin bakinsu ne da bututun da ba a yi shi don ɗaukar fashewa ba. Tokar albarushi na jan laima, tana cin ƙarfen daga ciki inda ido ba ya gani, musamman da damina. Ranar biki kuma kowa na son tasa ta fi ta kowa ƙara, sai a ƙara albarushi. A cikin hayaniya mutum kan manta ya riga ya ɗura, ya sake ɗurawa a kai. Tsohon ƙarfe da ɗuri biyu su ne ke raba maharbi da yatsunsa ko idonsa.

Akwai kuma harbin da ke jinkiri. An matsa kunama, ba ta tashi ba, sai mai ita ya juyo da bakin yana leƙawa ko ya sauke ta wajen ƙafar na kusa da shi, alhali wutar na ci a hankali a ciki. Ƙa'ida ita ce a bar bakin yana kallon inda babu kowa, a jira aƙalla minti ɗaya kafin a taɓa komai. Kunne ma na biyan nasa kuɗin: ƙarar bindiga mai albarushi takan kai ko ta haura ma'aunin desibel 140, inda harbi ɗaya ke iya yi wa ji lahanin da ba ya warkewa. Dikec, da ake cewa bai sa komai ba, akwai 'yan toshe a kunnuwansa.

Doka ba ta bar maƙeri a baya ba. Ƙera bindigar toka ko gyara ta sai da izinin Sufeto Janar tare da amincewar gwamnan jiha. Maƙera nawa ne a kasuwannin yankin ke da wannan takarda, tambaya ce da hukuma ta fi kowa sanin amsarta.

Idan mai bindiga ya rasu

Matsayin Kongolam na ƙara wa lamarin nauyi. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, ana auratayya, ana cin kasuwar Mai'adua tare kowace Lahadi. Mafarauci na iya bin sawun nama ya tsallaka ba tare da ya lura ba. Amma lasisin Najeriya ba ya aiki a Nijar, na Nijar ma ba ya aiki a nan. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a watan Yunin 2006, ta hana tsallaka iyaka da makami ba tare da izini na musamman ba. Tun 2021 kuma akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da bazuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro.

Dokar 1959 ta ɗora wa mai lasisi alhakin adana bindigarsa. Idan ta ɓace, ko aka sace ta, ko ta lalace, yana da kwana 14 ya sanar da hukumar da ta ba shi lasisin.

Akwai wani sashe da iyalai da yawa ba su san da shi ba sai sun shiga matsala. Lasisi na mutum ne, ba ya shiga rabon gado. Idan mai bindiga ya rasu, wanda kayan mamacin ke hannunsa yana da kwana 14 ne kacal da doka ta yarda bindigar ta zauna a wurinsa. A ƙasar Hausa kuwa, kwana 14 ko sadakar arba'in ba a kai ba, balle a zauna rabon gona da gida da dabbobi. Bindigar Baba na nan a rataye a inda ya bar ta, wataƙila ma da ɗurin da ya yi mata da hannunsa, kuma daga rana ta 15 babban ɗan da ke riƙe da makullin ɗakin shi doka za ta tambaya.